Idan Nas Ta Ce Ba Sai An Yi Allura Ba

Jawabin da ma'aikacinmu na raya karkara ya yi a taron ikkilisiyoyin ƙauyukan Kebbe da Tambuwal

  Yawancinku kun san ni da maganar rijiya da masai da adashen mata. Yau maganar magani na zo da ita, ko da yake ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Zan fara da laifin kaina, domin kada wani ya ga kamar na zo nuna wa mutane yatsa.

Shekara uku da suka wuce, cikin hunturu, ɗana na fari ya kamu da mura da tari, jikinsa da ɗan zafi. Yana da shekara biyu a lokacin. Na ɗora shi da mahaifiyarsa a babur muka tafi wani ƙaramin asibiti. Nas ɗin da muka tarar ta huda masa yatsa ta yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a ga komai ba. Ta ɗaga masa riga, ta ajiye agogo a gabanta, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ta duba kunnensa da wuyansa, ta tambaya ko yana ci yana sha. Sa'an nan ta ce mura ce. Ta rubuta farasitamol, ta ce a yawaita ba shi ruwa da kunu, idan kuwa numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi shan komai, a dawo da shi ko da tsakar dare ne. Na ce, "Sista, allura fa?" Ta ce ba ya bukata. Raina ya ɓaci. Na gaya mata cewa ban ƙona mai na zo nan don farasitamol ba. A hanyar komawa na tsaya a kemis na sayi Ampiclox na ruwa. Muka ba yaron kwana biyu, ya samu sauƙi, muka ajiye sauran a kan taga. Na daɗe ina yaba wa kwalbar nan, ina zagin nas ɗin a zuciyata.

Sai daga baya, a wani horo da aka tura ni, na gane cewa ita ce mai gaskiya. Da maganin da babu shi, yaron zai warke. Ni kuwa na yi kuskure biyu a rana ɗaya: na ba da maganin da ba a bukata, na kuma ba da rabinsa.

Bari in bayyana abin da na koya, a yadda na fahimce shi. Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, su ne ke kawo sanƙarau, da taifod, da tarin fuka, da yawancin ciwon huhu mai tsanani, da ruɓewar miki. Akwai kuma waɗanda ake kira bairos, su ne ke kawo mura da ƙyanda da yawancin gudawar yara. Magungunan da ake kira antibayotik, wato irin su amoksisilin, Ampiclox, Septrin, da kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani, bakteriya kaɗai suke kashewa. Ba su da abin da za su yi wa bairos. Wanda ya sha kafso don mura kamar wanda ya kafa tarkon ɓera ne don kama sauro.

To, in ba ya amfani, ai ba ya cutarwa, ko? Haka ni ma na ɗauka. Ku manoman wake kun fi ni sanin amsar. Idan mutum ya tsinka maganin feshi da ruwa fiye da ƙima don ya isa gona biyu, ƙwarin da ba su da ƙarfi za su mutu, masu taurin rai su tsira, su hayayyafa. Baɗi ya fesa, ya ga kamar ruwa ya zuba. Haka yake a cikin jikin mutum. Kowane ɗayanmu yana ɗauke da bakteriya masu yawan gaske a hanji da fata da maƙogwaro, yawancinsu ba sa yi mana komai. Duk lokacin da antibayotik ya shiga jiki, da dalili ko babu dalili, yana kashe masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Su kuma ba a jikin mai su suke tsayawa ba. Suna bin bayan gida, da hannu, da ruwan rijiya, su shiga jikin maƙwabci. Ba jikinka ne ya saba da magani ba, kamar yadda muke faɗa. Ƙwayar cutar ce ta daina jinsa, kuma tana iya kama jaririn da bai taɓa shan magani ba tunda aka haife shi.

Mutumin da ya gano fenisilin a 1928, wani Bature mai suna Alexander Fleming, shi da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945, cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. Wa ya tuna kulorokwin? Da shi aka rene mu. Ba antibayotik ba ne, amma labarin ɗaya ne: ya yi aiki shekara da shekaru, sa'an nan ƙwayar zazzaɓin ta daina jinsa, har a 2005 gwamnati ta sauya shi da magungunan da ake bayarwa yanzu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sanƙarau, domin mu a tsakiyar ƙasarsa muke zaune. Dattawan da ke nan za su tuna da ƙwayar da ake kira M&B. Ita da danginta ne suka fara ceton masu sanƙarau a ƙasashen nan namu tun zamanin Turawa. An yi ta rabawa, masu ciwo su sha, masu lafiya ma su sha don kariya. Kafin a fita shekarun 1970, ƙwayar sanƙarau a wannan yanki ta daina jin su, dole aka nemi wasu. A annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, allurar kuloramfenikol mai mai aka fi dogara da ita. Yau kuwa allurar da ake kira seftiriyazon ce ake yi wa mai sanƙarau.

Kada ku ce wannan tsohon labari ne. A 2013 wani sabon nau'in sanƙarau, wanda ake kira nau'in C, ya ɓulla a Jihar Sakkwato. Masu binciken da suka bi sawunsa, a rahoton da suka fitar a 2018, sun kawo shi har yankin Tambuwal, nan ƙofar gidanmu. A 2015 ya tsallaka Nijar ya yi ɓarna. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya dawo da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja, aka lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Akwai gidaje a cikinmu da ba su manta da wannan bazarar ba. Waɗanda suka tsira bayan wuyansu ya sanƙare, yawancinsu allurar nan ce ta cece su, kuma hannun da ya yi musu ita kullum, a kan lokaci, a ƙarƙashin rumfa ko a barandar asibiti, hannun nas ne ko ma'aikacin lafiya na karkara.

Yanzu ku ji inda matsalar take. Allurar nan ɗaya da ke tsakaninmu da sanƙarau, ita ce ake sayarwa a wasu kemis ana yi wa mutane don "taifod" da ba a tabbatar ba, don ciwon jiki, don mutum ya ce yana son allura mai ƙarfi. Har yanzu tana kashe ƙwayar sanƙarau, mun gode Allah. Amma wasu ƙwayoyin, irin waɗanda ke shiga jinin jarirai da mafitsarar mata, da yawansu sun riga sun daina jin ta a manyan asibitocin ƙasar nan. A Pakistan, tun 2016, an sami taifod ɗin da ba ya jin ta, bayan ya riga ya daina jin tsofaffin magunguna. Idan irin wannan ya same mu a Kebbe, ina za mu? Maganin da ke bayanta yana da tsada, sai a babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ake sa ran samunsa, kuma kun san nisan hanyar da kuɗin mota.

Ba na son cika ku da lissafi, amma ga guda biyu. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma a cikin dukan yankunan duniya, Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a. A Najeriya an ƙiyasta mutum 64,500 a wannan shekarar. Ba a yin shelarsu a rediyo domin ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Mu dai abin da muke ji shi ne, "An yi ta magani, bai karɓa ba."

Gwamnati tana da tsari a kan wannan. An yi na farko a 2017, an ƙaddamar da na biyu a 2024. A watan Satumba na 2024 kuma ƙasashen duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Madalla. Sai dai takarda ba ta zama a ɗakin duba marasa lafiya. A ƙauyukanmu likita baƙo ne. Wanda ke yanke shawara ko a ba da antibayotik ko kada a bayar, sau da yawa nas ce, ko ungozomar asibiti, ko ma'aikacin lafiya na karkara. Don haka duk wannan yaƙin a kan teburinta yake.

Ku dubi abin da wancan nas ta yi wa ɗana. Ƙirga numfashin nan da na ɗauka ɓata lokaci ne, shi ne aikin. Yaro daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, idan numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko yaro daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar ya kai 40, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, to ana zaton ciwon huhu ne, kuma a nan nas ba ta jinkiri, amoksisilin za ta ba shi. In bai kai ba, kuma babu wata alamar haɗari, mura ce. Da agogo da ido take raba wanda magani zai ceta da wanda ba ya bukata. Haka gwajin yatsa: ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin sauro ba, ba kuma kowane wanda ba na sauro ba ne taifod. Haka gudawar yara. Abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink kwana goma zuwa sha huɗu. Ko a kwalara, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan a 2021, Sakkwato na cikin jihohin da suka fi shan wuya, mayar da ruwan jiki ne kan gaba. Idan akwai jini a bayan gida, wannan dabam ne, nas ta san abin da za ta yi. Amma mu da yaro ya fara zawo sai Flagyl da kafso.

Ko da ta ga ana bukatar antibayotik, akwai zaɓi. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su gida uku: na yau da kullum da ake farawa da su, irin amoksisilin, na lura, waɗanda ba a taɓawa sai da dalili mai ƙarfi, seftiriyazon tana cikinsu, da na ajiya, don ranar da komai ya ƙi. Kamar hatsi ne: akwai na tukunya, akwai na rumbu, akwai iri. Magidancin da ya cinye iri a watan Maris, kowa ya san abin da zai same shi da damina. Idan nas ta ba ka ƙwaya mai araha ta hana ka allura mai tsada, ba raina ka ta yi ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa allura kullum ta fi ƙwaya. Ga wanda yake iya haɗiya, ba ya amai, ciwon kuma bai yi tsanani ba, ƙwaya tana aikinta daidai, babu kuma haɗarin ƙurji ko cutar da allura marar tsabta ke kawowa.

Akwai kuma aikin da ba ma gani. Wanke hannu tsakanin mara lafiya da mara lafiya, dafa almakashin yanke cibiya, sauya bandejin miki, cire robar ƙarin ruwa da zarar an gama da ita, tashi cikin dare don a yi allura a kan sa'arta. Duk cutar da nas ta hana shiga, magani ne aka adana. Haka rigakafi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin sanƙarau mai kare mutum daga nau'i biyar, har da nau'in C ɗin nan. Yaron da bai kamu ba, ba ya bukatar seftiriyazon.

Ban ce kowace nas waliyyiya ba ce. Akwai masu rubuta magani barkatai, akwai mai kemis a gida da take tura mutane can. Amma na zauna da da yawansu a wurin aiki, kuma abin da suka fi faɗa mini shi ne mu ne muke matsa musu. Mace ɗaya, marasa lafiya arba'in a layi, babu ruwa a famfo, wani lokaci babu kayan gwaji. Magidanci ya tsaya mata a kai yana cewa ba ta iya aiki ba. Ta san in ta hana shi, kemis zai tafi, a yanko masa kafso huɗu na kuɗin da ke aljihunsa, gobe kuma a ji a gari cewa sabuwar nas ba ta ba da magani. Mutum nawa ne za su jure wannan kullum? Wata rana sai ta gaji ta rubuta don a zauna lafiya. Ni da na yi wa waccan baiwar Allah faɗa, na ƙara mata nauyin da zai sa ta rubuta wa yaro na gaba.

Masu kemis 'yan'uwanmu ne, wasu suna zaune a nan, kuma a ƙauyen da babu asibiti su ne ake bugawa ƙofa da dare. Ba na zo kashe musu kasuwa ba ne. Roƙona shi ne kada a yanka antibayotik a sayar da na kwana ɗaya, kada a haɗa shi cikin ƙullin "haɗi" da mutum bai san abin da ke ciki ba, kuma a bar allurar seftiriyazon ga asibiti. Na san talauci ne ke sa mutum sayen rabi. Amma in kuɗin ba zai kai cikakken magani ba, gara a gaya wa nas gaskiya, sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin. Masu tallan magani a faranti cikin rana a ranar kasuwa kuwa, ba ni da abin da zan ce sai a guje su. Zafi yana lalata magani, na jabu ma a nan yake yawo, magani mai rauni kuwa daidai yake da rabin magani.

Dabbobi ma suna ciki. Kafson da muke buɗewa muna zuba wa kaji a ruwa, da allurar da muke yi wa shanu da awaki da kanmu, dangin maganin mutane ne. Ƙwayoyin da suka jure a cikin hanjin kaza suna fita a kashinta, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A nemi malamin dabbobi, a kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a yanka.

To me nake roƙon ikkilisiya? Abu na farko ba ya cin ko kwabo. Idan nas ta duba ta ce ba sai an yi allura ba, kada a yi mata faɗa. A tambaye ta, "Wace alama zan gani in dawo?" A kuma dawo in an gan ta. Idan ta ba da antibayotik, a tambaya sau nawa a rana, kwana nawa, a sha daidai yadda ta faɗa, ko kwana uku ne ko biyar ko bakwai. Kada a raba da maƙwabciya don yaranku suna tari iri ɗaya. Iyayena mata, ku ne kuke riƙe da ledar magani a ɗaka. In kun koma gida ku zazzage ta, duk ragowar kafso da kwalbar da aka buɗe tun bara ku kai asibiti a zubar yadda ya kamata. Tawa kwalbar ta kan taga ta yi wata takwas kafin matata ta kawar da ita.

Wanda ke shan maganin tarin fuka a cikinmu yana bukatar mai tsaya masa. Wata shida ne, kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, amma bayan wata biyu mutum yakan ji ƙarfi ya daina, daga nan ake samun tarin da ba ya jin maganin farko. Masu ziyarar marasa lafiya, ku riƙa tambaya ko an sha na yau. Kwamitin raya ƙauye kuma, ku leƙa asibitin da ke kusa da ku ku ga ko akwai ruwa da sabulu. Durom ɗaya mai famfo da matasa za su riƙa cikawa bai fi ƙarfinmu ba. 'Ya'yanmu mata da maza da suka gama sakandare, akwai kwalejin koyon aikin jinya a Sakkwato, akwai kuma a Tambuwal. Nas ɗin da ta tashi a cikinmu ta fi daɗewa a ƙauye, mun kuma fi jin maganarta.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana shan magani. Daga sanyin hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko lokacin sanƙarau ne. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, amai, ƙin haske, suma ko farfaɗiya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono: wannan ba na kemis ba ne, ba na jira gari ya waye ba ne. Sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. A nemi babur ko mota a tafi babban asibiti mafi kusa nan take, a kuma bari a gama allurar duka kwanakin da aka ce ko da mara lafiya ya tashi zaune.

Ofishinmu zai sake zagayowa a makon faɗakarwa kan wannan matsala, wanda ake yi a duniya daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kowace shekara, kuma za mu roƙi nas daga asibiti mafi kusa da kowace ikkilisiya ta zo ta nuna wa iyaye yadda ake ƙirga numfashin yaro. Sakatarorin ikkilisiya su ba ni sunan ranar da ta dace da ku kafin a watse.  Baba Fasto ya ce akwai sauran lokaci don tambayoyi.